Ƙarfen da na sa wa motar Baba

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina har na gaji.

Ni mai walda ne a Talata Mafara. Mahaifina tsohon maƙeri ne a Morai, gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya hawa babur, ga gonar shinkafarsa can wajen Bakura da ya shekara biyu bai sa ƙafa ba. Sai na ji labarin wani injiniya mai ƙaramin wajen ƙira, yana yin 'yar mota mai injin babur, ya aiko da ita gunduwa-gunduwa cikin kwalaye, kai ka haɗa da kanka. Na yi oda. Ya ce wata biyu.

Jama'a, wata goma sha ɗaya! Kujeru suka zo, tayoyi suka zo, inji ya zo, na haɗa komai motar ta tsaya a zauren Baba kamar amarya, saura ƙarfe ɗaya tak, wanda ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba. Kullum na buga waya amsar ɗaya ce: "Ka ƙara haƙuri, bai kammala ba." Har kaji suka fara kwana kan kujerar. Mutanen gari kuwa in na wuce sai su tambaye ni ko motar tamu ta fara ƙwai. Baba shi ko a jikinsa. Duk Juma'a in na je sai ya ce, "Ƙarfen ga ya zo?" in ce a'a, ya ce, "To bar shi, mai aiki ya san abin da shika jira. Kak ka sa hannu ga aikin wani." Wannan dokarsa ce tun muna maƙera, ba a ƙarasa wa wani maƙeri aikinsa. Ni kuwa damina ta sake shigowa, ina kallonsa yana tambayar masu dawowa daga gona yadda shinkafa ta yi, raina ya gama ɓaci. Wane irin ƙarfe ne wannan da ni mai shekara ashirin ina walda ba zan iya ba?

Sai na yanko ƙarfe biyu daga wata tsohuwar Keke Napep, na haɗa su da walda, na goge, na fesa fenti baƙi, na naɗe cikin kwalin injiniyan, na kai wa Baba na ce saƙo ya iso. A gabansa na ɗaura. Ranar ya tuƙa har gona, ya dawo yana dariya irin wadda na manta yana da ita, yana gaya wa kowa ɗansa ya fi shi haƙuri. Kunya ta kama ni.

Shekaranjiya ƙarfen gaske ya iso, guda ɗaya santal, babu walda ko ɗigo. Na kira injiniyan, ya ba ni haƙuri, ya ce abin da ya tsayar da shi shi ne na farkon da ya yi guda biyu ne haɗe da walda, da ya gwada shi a hanya mai gargada sai ya karye daidai wurin haɗin, motar ta ƙwace ta faɗa rami. Ya ce gara a kira shi maƙaryaci da ya aiko wa mutum ajalinsa cikin kwali. Wallahi sai da na zauna ƙasa. Abin da ya ƙi aikowa shi na ƙera da hannuna na sa wa ubana.

Za ku ce in canza a ɓoye. Ta yaya? Makulli yana aljihun Baba, motar tana zaurensa, ko iska za a sa wa taya sai ya jawo tabarma ya zauna. Jiya na je na ce zan ɗan duba ƙasanta. Ya sunkuya da gwiwoyin nan nasa, ya shafa ƙarfen da yatsa daidai inda na goge, ya daɗe, sannan ya ce, "Injiniyan ga, hannunai kamar naka." Ni kuwa ban iya ɗaga ido ba. Ya gane ne yana jira in faɗa da bakina, ko yabo ne kawai? Ban sani ba.

Na gaji da ƙaryar nan. In na faɗa, tsohon da ke yawo da sunana a baki zai san na kalli idonsa na yaudare shi. In na yi shiru, ranar Talata ya ce zai ɗauko Inna su zo kasuwar Mafara, kuma duk wanda ya san hanyar Morai da damina ya san ramukanta. Ƙarfen gaske yana ƙarƙashin teburina, yau Lahadi.

Me zan yi?