Na'urar da Ta Tona Asirin 'Yar Lele

Daga:
Surukin Baba Direba,
Gida mai koren ƙyaure,
Layin bayan gidan mai.

Zuwa ga:
Shugaban Kwamitin Ɗa'a,
Ƙungiyar Masu Gyaran Wutar Mota.

16 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN ƊAN ƘUNGIYARKU, MAI KWAMFUTA, BISA GYARA MOTAR SURUKINA A BAINAR JAMA'A

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, na rubuto ne domin in kawo kukana a kan wani ɗan ƙungiyarku da aka fi sani da Mai Kwamfuta, mai rumfa daura da mai faci. Ina so a shaida tun farko cewa ba na zarginsa da rashin iya aiki. Wallahi da bai iya ba, da yanzu muna zaune lafiya.

1. Surukina, mahaifin mai ɗakina, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar motar fasinja har ya yi ritaya, shi ya sa duk layi ake ce masa Baba Direba. Yana da wata ƙaramar mota mai giyar hannu da yake kira 'Yar Lele. Bara, bayan rasuwar surukata, Allah ya jiƙanta, 'yan gaisuwa suka watse, gida ya yi tsit. Ba a jima ba motar ta tsiro da sabon hali: da safe ba ta tashi. A murɗa makulli, fitilun gaban sitiyari su kama tar, amma kik mai tayar da inji ko motsi. Sai an tura.

2. Masu turin mu huɗu ne: ni, da Tela, da Mai Shago, da Malamin Lissafi. Kullum kafin a fara sai Baba ya fito da filas ɗin shayi da tiren kofuna ya jera a benci, wai kada a ce ya sa mutane aiki da cikin wofi. Kofunan shida ne. Biyar muke sha da su, na shidan na marigayiya ne, yana fitowa da shi ya koma a bushe, ba mai tambaya. A nan ake warware labarin duniya. In an zo turi kuma Baba ya leƙo ta taga yana rabon tsiya: wai Tela da kan yatsa yake turi kamar mai zura zare a allura, wai Malam ya tsaya auna gangara maimakon ya sa ƙarfi. Ni da yake akwai kunyar surukuta ba ya kama sunana, sai dai ya ce a ƙara himma a ɓangaren hagu. Ranka ya daɗe, ɓangaren hagun nan ni ne. Muna kaiwa kwalbati sai ta yi tari ta kama, Baba ya ɗaga mana hannu yana dariya har ya sha kwana.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a cikin gari murɗa ɗaya take tashi. Ba ta taɓa kunyata shi a kasuwa ko asibiti ba. Ƙofar gida kaɗai ta raina.

3. An sake batir. An kankare kawunansa. An kwance kik an wanke an mayar. Wani ya ce sanyin asuba ne, wani ya ce tsufa. Duk wanda ya faɗi tasa Baba zai gyaɗa kai ya sa masa albarka, gobe kuma a tura. Ana haka bayana ya fara kawo ƙara, kuma ka san suruki ba ya buɗe baki ya ce ya gaji. Saboda haka ranar 2 ga watan nan na yi sammako na ɗauko Mai Kwamfuta, ban shawarci kowa ba, ina ganin na yi abin kai.

4. Ya iske ana shan shayi. Ya gaisa, ya durƙusa ya jona na'urarsa a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ce Baba ya murɗa makulli. Ina tsaye a kansa yana karanto abin da allon ya nuna. Batir cike yake. Ƙwaƙwalwar motar ta gane makulli, ta kuma aika wa kik umarni, amma umarnin bai isa ba, hanya ta yanke a tsakani. Ya ƙara da cewa na'urar tana tono tsohon tarihi, kuma ga shi laifin nan yana zuwa yana tafiya, alhali wayar da ta ƙone ba ta warkewa da kanta in rana ta yi. Daga nan ya ɗaga bonet ya buɗe akwatin fiyus. Gurbin fiyus ɗin kik wayam. Sauran duk sun yi ƙura, shi kuwa gurbin nan sai sheƙi yake saboda yawan cirewa da mayarwa. Har zuwa nan ba ni da ta cewa, aiki ya yi kyau.

5. Ga inda laifinsa yake. Mai hankali zai ja ni gefe ya raɗa mini. Shi kuwa sai ya tuntsire da dariya, ya ɗaga murya har mai wankin da ke tsallaken titi ya jiyo, ya ce wannan ba ciwon mota ba ne, hannun mutum ne, wani ke zare fiyus ɗin ya mayar bayan ya sha kwana. Bai tsaya nan ba. Ya nuna aljihun gaban rigar Baba, inda kan wani ɗan rawayan fiyus ya leƙo, ya ce Baba ya ji tsoron Allah ya daina wahalar da bayinsa. Dattijo mai furfura, a ƙofar gidansa, a gaban surukinsa!

Baba bai yi musu ba. Ya ciro fiyus ɗin ya ɗora a kan mota, ya yi wa yaron godiya, ya tattara kofunansa ya shige da sauran shayi a filas. Aka mayar da fiyus, murɗa ɗaya ta tashi. Ba wanda ya ce madalla. Ni dai raina ya ɓaci, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙwalla.

6. Tun ranar Baba bai ƙara fitowa da safe ba. An lulluɓe 'Yar Lele da tamfol. Mai ɗakina ta kai abinci ta dawo da rabinsa. Ya ce mata da wane ido zai dubi mutanen da ya sa suna gumi a banza. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya domin in ba su haƙuri a madadinsa, sai Tela ya riƙe ciki yana dariya. Ashe tun watannin baya ya tsinci fiyus a aljihun rigar da Baba ya kawo ɗinki, ya mayar da shi inda ya gan shi, har ya ƙara wa aljihun ɗinki kada ya faɗi. Mai Shago ya ce ai a wurinsa Baba ya sayi na ajiya. Malam ya ce shi tun makon farko lissafi ya ba shi amsa. Kowa ya san dawan garin, suna dafa mota ne kawai suna nishi. Ni kaɗai nake turi tsakani da Allah, shi ya sa bayana kaɗai ke ciwo.

Muka tura Tela ya shaida wa Baba cewa sun sani tuntuni kuma ba wanda ya ji haushi. Sai garin neman gira aka rasa ido: Baba ya ce ashe turin tausayi ake masa, shi kuwa bai kai ga karɓar sadaka ba. Ya rufe ƙofa.

7. Bisa ga haka nake roƙon kwamitinka mai daraja. Ba na neman a ci Mai Kwamfuta tara ko a rufe masa rumfa, yaro ne mai hannu, bakin ne ba shi da birki. Ba kuma na neman ya yi ƙarya. A ranar, bayan motar ta tashi, ya ambata cewa na'urar ta nuna wutar batir tana faɗuwa sosai lokacin murɗa makulli, alamar kik ya gaji da gaske, kwanansa sun kusa ƙarewa. Ba wanda ya saurare shi, Baba ya riga ya shige. Ina roƙon a umarce shi ya dawo da na'urarsa, ya jona, ya nuna wa Baba wannan a allo da idonsa, ya kuma gaya masa cikin ladabi cewa irin wannan kik gara a hutar da shi tashin farko na safe. Baba tsohon direba ne, zai gane sauran.

Ina kuma roƙon a hana Mai Kwamfuta gyara kik ɗin, ko da kyauta ne. Sannan a matsayin horo, ya ajiye na'ura ya naɗe hannun riga ya yi turi tare da mu na mako guda, a ɓangaren hagu. In da hali, a ja kunnen sauran 'yan ƙungiya su riƙa keɓe mai mota kafin su faɗi sakamako, yadda likita yake yi.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a hanzarta. Kullum da safe mu huɗu muna haɗuwa a bencin nan ba shayi, muna jin motsin Baba a bayan ƙyaure, ya zo ya tsaya ya koma. Mai ɗakina ta wanke filas ta ajiye masa a inda zai gani. Ta kuma ce in rubuta, domin kada a sami saɓani ranar da za a zo: kofi na shida yana da mai shi, Mai Kwamfuta ya taho da nasa.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara wa kujerarka albarka, ya sa a dube mu da idon rahama.

Naka mai biyayya,

Surukin Baba Direba,
Mai ɓangaren hagu.