Sunan da Surukina Ya Ƙi Faɗa wa Jandarma

Zuwa ga Mai Girma Kumandan, shugaban mulkin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan biro, wato ofishinka, duka, har da gardin bakin ƙofar jandarma, wanda yanzu mun saba da juna. Ina damina? Mu nan alhamdu lillahi, ruwa na sauka, hakin da ke gonata ma yana cikin ƙoshin lafiya.

Ranka shi daɗe, ka yi haƙuri da rubutuna. Shekara huɗu na yi a lakwal a Madawa, uku daga ciki a aji guda, har mushe, malamin ajinmu, ya kira babana ya ce mashi awakin gida sun fi alli buƙatata. Ɗan Faransancin da ya rage mani bai isa ya fid da mutum daga kaso ba, sai dai ya shigar da shi. Shi ya sa na rubuto da Hausa. Na kuma bar wasiƙar a buɗe, na yi kwafi biyu don mutanen garinmu su ji. Kada hankalinka ya tashi, ɗaya bayan ɗaya za a karanta masu, ba za a taru ba.

Maganar a kan Sahabi ce, saurayin da ke neman ɗiyata Zali. Yau kwananshi goma sha tara a tsare a birgadin jandarma. Bai ga alƙali ba, ba a faɗa ma uwarshi laifinshi ba. An dai ce ba zai fita ba sai ya faɗi sunan wanda ya tara mutane ba da izini ba. Ni na san sunan. Amma bari in bi da kai daki-daki, don kada a ce manomi ya fara zance daga wutsiya.

Na farko. Mun ji doka. Mai shela ya zagaya ranar kasuwa, ya ce daga yanzu duk taron da ya wuce na sallah da jana'iza sai da takarda daga biro, kuma a nema da kwana takwas kafin ranar. Ni da kaina na ce madalla. Tun da soja sunka karɓi ƙasa ban taɓa jin dokar da ban ce madalla ba, wata ma tun mai shela bai ƙarasa ba.

To, a wurinmu, idan yaro na neman aure kuma an yi na'am da shi, yakan ɗebo abokanshi su yi ma uban yarinya noma yini guda. Ita ce gayyar suruki. Ni ɗiya mata biyar Allah ya ba ni, namijin guda ya tafi cin rani Abijan shekara uku ke nan, sai gaisuwa. Bayana kuwa ya riga ni tsufa. Ka ga gayyar nan ba ado ba ce gare ni, hatsin shekara ce. Don haka na sa rigar Juma'a na zo biro neman takarda. Sakatare ya tambaye ni ranar taron. Na ce mashi kwana biyu bayan ruwa mai kyau ya sauka, lokacin da ƙasa ta sha ta yi laushi. Ya ce wace rana ke nan a wata? Na ce in ya sani ya taimaka ya gaya mani, duk ƙasar Adar za ta gode mashi. Bai yi dariya ba. Ya ce babu gurbin wannan a takarda, in tafi in dawo da rana. Ranka shi daɗe, na dawo gida na duba sama har wuyana ya ƙage, ba ta ba ni rana ba.

Na biyu. Ruwa ya sauka wata Talata, bai nemi izinin kowa ba. Na aika ma kawun Sahabi cewa gona ta nuna. Ranar Alhamis da sassafe samari wajen talatin sunka fito daga gefen Tamaske da hauyoyinsu, da makaɗi yana buga masu gangar noma. Matana sunka dama fura ƙwarya shida. Ni ban je ba, don uban yarinya ba ya tsayawa a kan surukinshi yana noma. Ina gida kwance ƙarƙashin itacen bedi, ina jin ganga daga nesa, ina ji kamar ni ne sarkin noma.

Da hantsi motar jandarma ta biyo hanya. Ban ga laifinsu ba. Mutum talatin a jere, kowa da ƙarfe a hannu, ana kiɗa, ana ihu, ana matsawa gaba sahu guda: lalle an kai hari. Hakin ne aka kai ma harin, amma daga cikin mota ba a bambancewa. Da samari sunka ga hular jandarma, kowa ya bi ta cikin dawa. Makaɗi ya yar da ganga, an ce sai da ya kai Garhanga ya tsaya shan ruwa. Sahabi kaɗai ya tsaya, don yaron da ya gudu daga gonar surukai ya gama aure a ƙasar nan. Anka ɗauke shi, da gangar, da ƙwaryar fura biyu. Ban tambayi furar ba, na san an yi mata bincike mai zurfi.

Na uku, kuma nan ne nike roƙon ka karanta a hankali. An tambayi Sahabi gonar wa ce, wa ya kira su. Ya sunkuyar da kai. An sake tambaya da tsawa, ya ƙara sunkuyarwa. Gardi ya gaya mani an rubuta cewa yaron horarre ne, akwai wanda yake rufa ma asiri. Gaskiya ne horarre ne, uwarshi ta hore shi. Ranka shi daɗe, a garinmu yaro ba ya kama sunan surukinshi. Ko da abokinshi yake hira ba ya faɗi. Idan ya hango ni a hanya, sai ya ratse cikin ƙaya ya cire takalmi. Shekara guda yana zuwa zance gidana, ban san kamannin idonshi ba, ƙeyarshi kawai na sani. To wannan yaron ne ake jira ya ɗaga kai gaban baƙi, ya kira sunana da na ubana, a kuma rubuta a matsayin mai laifi. Kuna iya tsare shi har kaka, har wata daminar. Ba taurin kai ba ne, kunya ce, kuma ban ji mai shela ya ce an soke ta ba.

Uwarshi, gwauruwa ce, shi kaɗai gare ta, ta faɗi sunana a bakin ƙofa ranar da ta kai mashi abinci. Anka ce mata sai daga bakin wanda ke tsare, ko a rubuce. Maigarinmu kuwa, wanda zai iya warware wannan da kalma biyu, ciwon ido ya kama shi tun ranar, ba ya ganin kowa.

Na huɗu, laifina. Ba zan ɓoye ba, tun da yau ranar faɗin gaskiya ce. Sau uku na zo birgadi. Zuwan farko na iso har bakin ƙofa, na ga wani jandarma yana goge bindiga, sai na tuna ashe goro na zo saye. Na koma gida da goro. Uwargidana Tsahara ta dube ni ta ce, "Kai da ke kashe mutane da dariya a kasuwa, yau bakin ya tafi cin rani shi ma?" Zuwa na biyu na yi ƙarfin hali na ce wurin Sahabi na zo. Gardi ya ce ubanshi ne ni? A'a. Wanshi? A'a. To wane ne? Na ce surukinshi. Ya ce ina takardar aure? Na ce ba a ɗaura ba, angon na hannunku. Ya ce to a idon hukuma ni ba kowan shi ba ne. Zuwa na uku na ce ni ne wanda kuke nema, ku kama ni. Ya ce shef, babbansu, ya fita, kuma ba a kama mutum haka kawai don ya roƙa, in je in rubuto. Na yi mamaki ƙwarai. Ashe shiga kaso ma sai da takarda, in mutum ya zo da ƙafarshi.

Ta kan katanga na hango shi yana noman gyaɗar da ke bayan birgadi. Aikinshi ya yi kyau, ba haki ko ɗaya. Na taya ku murna. Ni na haifi ɗiya, ku kunka ci gayyar.

Na biyar, ƴar tambaya daga wanda bai ƙare lakwal ba. Gwamnati ta san yawan kawunan gidana. Ta san jakina. Gawon da ke gonata, wanda kakana ya bari, in na sare reshe sai an kira ni. Idan za a share hanya don babban baƙo, ko a dasa itatuwa, ana buga ganga mu fito mu ɗari, da hauyoyin nan dai, ba wanda ya ce mun yi taro. Duk wannan na ce madalla. A shekarun yunwa mun ci hatsin da motocin gwamnati sunka kawo, ban manta ba, ba ni cikin masu butulci. Amma ina son a nuna mani iyakar gonar hukuma, kamar yadda kowace gona ke da iyaka. Tsakanin mutum da surukinshi ma nata ne? Ranar da ƙasa ta yi laushi ma tata ce? In mutum ya yi laifi, na ji ana cewa akwai alƙali, akwai ranar da za a karanta mashi abin da ya yi. In bai yi ba, da wace doka ake riƙe shi kwana goma sha tara don ya yi shiru? Ni a sanina shiru shi ne abin da kunka fi so daga gare mu.

Gida kuwa ba daɗi. Zali takan aje mani tuwo ta juya. Jiya na gwada ba ta dariya da labarin makaɗi, ta dube ni kamar yadda ake duban bangon da ya tsage. Yarinyar nan ita ta zaɓi yaron da kanta, ni na ce ya yi. Ni na aika ya zo. Shekara hamsin da wani abu ina wasa da kowa, yau na rasa abin da zan ce ma ɗiyata.

Saboda haka ga roƙona, ranka shi daɗe.

A saki Sahabi ya koma wurin uwarshi, gonarta ma na jiran shi. A mayar ma makaɗi gangarshi, ita dai ta yi magana tun ranar farko, ba ta ɓoye komai ba. A duba maganar takardar gayya, ko a bar maigari ya riƙa ba da izini da baki, in idonshi ya warke. In kuwa dole sai an tsare wani, ga ni. Ranar Litinin da safe zan zo da tabarmata da butata, ni kaɗai. Ina dai gargaɗinku ban iya noman gyaɗa kamar shi ba, kuma ina da surutu.

Alfarma guda nike nema a ranar. Ku fid da shi ta ƙofar baya kafin ku shigar da ni ta gaba. In munka yi kiciɓis a tsakar birgadi, yaron zai rasa inda zai sa kanshi. Ni ma, karon farko, ban san inda zan sa nawa ba.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka lafiya da ƙafafun sauka lafiya. Allah shi ba ɗiyanka mata mazaje masu kunya irin wannan, shi kuma tsare su daga masu tambaya.

Ga abin da ake nema, a rubuce, da hannun mai shi. Gonar tawa ce, ni na kira gayya.

Wassalam.

Assumana ɗan Illo,
manomi, uban Zali.