Yadda Aka Rufe Ɗakin Dije

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen gida a Ɓatagarawa. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu a Rigasa ana ta gungurawa, motar ta tsufa, direbanta ma haka.

Na san hankalinki yana kan 'yarki Dije tun da ambaliya ta kayar da katanga a kan mijinta Ya'u, Allah ya jiƙansa. Rabin rufin ɗakinta ya tafi, ita da yara a ƙarƙashin leda suke kwana. Kin san ni da gwamnati. Na gaji da jin an ware kuɗin agaji a rediyo, ban taɓa ganin ko tiyar gero ba, don haka da aka ce an fitar da kuɗin gaggawa tsaki na yi. Sai ga manyan motoci a filin firamare da kwanon rufi, siminti, shinkafa da katifu. Ba zan ci haƙƙinsu ba, wannan karon sun zo.

Amma sharaɗin shi ne kowa ya zo da kansa ya dangwala yatsa a wata na'ura, Dije kuwa tana takaba. Na gaya mata malamai sun ce lalura ta halatta fita. Ta ce ba za ta shiga turereniya da maza ba ƙasar kabarin Ya'u ba ta bushe ba, ko ruwa zai ƙarasa ɗakin. Taurin kan gidanmu ne, kin san shi. Na roƙi jami'in rabon, ya ce umarni ne. Ban ga laifinsa ba, an sha karɓa da sunan waɗanda ba su nan.

Matata Harira ce ta faɗa wa mata a layi. Yaya, sai matan lungunmu suka fice suka zauna a ƙasa, maza suka bi su. Suka ce ko ƙusa ba za su ɗauka ba sai an je an ga mai takaba. Mutanen nan fa a azuzuwan makaranta suke kwana. Tanko mahauci har ya ce wa jami'in idan taɓo yake tsoro, zai tura shi a baron nama kyauta. Kowa ya yi dariya, har jami'in. Ƙarshe wata jami'a ta ɗauki na'urar ta biyo mu a ƙafa. Ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna ta yi wa Dije ta'aziyya, sannan ta miƙa mata na'urar.

Ranar Asabar muka hau muka rufe ɗakin. Lahadi aka tafka ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Na daɗe ina cewa garin nan ba mai taimakon wani. Na janye maganata.

Ki gaishe da Malam Ahmadu, da Hansai da Lawan. Dije ta ce ki sa ta a addu'a, ki daina kuka.

Ƙaninki,
Abdurrahim