Cokalin da Yaya Barmo ya sa aka kawo mini

Hajiya Wasila, don Allah ki taimake ni da shawara, na yi abin da ya hana ni sakewa wata uku ke nan.

Ni ɗan Bazaga ne, ina aikin buro, wato ofis, a Ƙonni. Mahaifinmu ya rasu ina shekara shida, yayana Barmo ne ya riƙe ni. Shi bai yi lakwal ba, ni ya tura karatun boko, shi ya tsaya gona da awaki. Tun tasowata kwanonmu ɗaya da shi. Ko bayan ya yi aure, matarsa Tsahara kwano ɗaya take kawo mana, in akwai nama ya turo shi gabana kamar bai gani ba.

To, akwai wani Ba'indiye da ya buɗe gidan abinci a bayan gari, kan hanyar Dogarawa. Da aka ƙara mini matsayi, na ce wallahi sai Yaya ya ci abin da bai taɓa ci ba. Na gayyace shi ran wata Laraba da rana, tare da abokan aikina biyu, Ashiru da Jamilu. Ya zo da rigarsa ta Salla, Hajiya, har da turare.

Muna zama ya tambayi wanda ya yanka kazar, aka ce mahaucin kasuwa ne, ya gamsu. Aka kawo wa kowa farantinsa: shinkafa doguwa mai ƙamshi, miyar kaza ja wur da tonka mai yaji, da gurasa mai zafi daga tanda. Yaya ya dubi faranti huɗu, ya dube mu. Sai kawai ya jawo babban tiren da aka ɗauko abincin a kai, ya juye nasa, ya juye nawa, ya juye na baƙina, ya nannaɗe hannun riga, ya juya ya yi wa mutanen teburin kusa bismilla. Jamilu ya yi 'yar dariya.

Dariyar nan ce ta kwashe mini hankali. Na yi tsaki, ni, na yi wa Yaya tsaki! Na ce masa nan ba Bazaga ba ne, na ɗauki cokali na danƙa masa a hannu. Ya karɓa. Ya yi loma biyu da cokalin, shinkafa na zubewa a rigarsa, ya ajiye ya ce ya ƙoshi. Muna fita kuma sai ga mai gidan abincin a kusurwa, shi da matarsa, tire ɗaya a gabansu, suna ci da hannu. Yaya ya gan su, na ga ya gan su. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Sati biyu bayan haka na je gida. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi aiki. Da abinci ya zo, sai Tsahara ta ajiye masa kwanonsa, ta ajiye mini nawa dabam, da sabon cokali a kan murfi. Tuwon hatsi da miyar kuka, da cokali! Ta kasa haɗa ido da ni. Na je sau uku, haka. Na aika masa waya sabuwa, ya yi godiya ya sa albarka, cokali na nan. Da ma zagina ya yi, da ma mari. Ina tunanin in sake kai shi wurin Ba'indiyen mu ci da hannu. Ko kuwa in yi shiru har ya huce? Ina kewar kwanon nan, Hajiya, kuma kunya ta hana ni buɗe baki.

Ƙanen da ya yi nadama, Ƙonni

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu. Niyyarka mai kyau ce, ka so ka karrama yayanka. Kuma gaskiya ba kowa ke son a juye masa abinci ba a tambaye shi ba, don haka ban ga laifinka ba da ka ji wani iri. Shi ma Barmo, horon shiru da yake maka yana da nauyi, da ya faɗa maka da baki da ya fi sauƙi.

Amma dubi abin daga wajensa. A gidanku, raba kwano alamar an ɓata ce. Ya ga an raba ku huɗu, ya haɗa ku, ya ɗauki abokanka a matsayin ƙannensa. Kai kuma ka zaɓi dariyar Jamilu a kan mutumin da ya raine ka. Cokalin nan ba wulaƙanci ba ne, tambaya ce yake maka, ko har yanzu kai nasa ne. Waya ba za ta amsa ta ba.

Kada ka mayar da shi gidan abincin nan yanzu, zai zama kamar ka kai shi a sake kallonsa. Kada kuma ka jira, shiru zai sa abin ya zama al'adar gidan, 'ya'yansa su taso suna ganin haka ake ba ka abinci.

Ka tafi Bazaga wannan Juma'ar, hannu wofi. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa, ka ambaci abin da ka yi da sunansa, tsakin da maganar da cokalin, ba tare da kawo dalili ba. Ka nemi gafara. Ka kuma gaya wa Ashiru da Jamilu wane ne Barmo a wurinka, tunda a gabansu ka ƙasƙanta shi.

In abinci ya zo, ka miƙa wa Tsahara cokalinta da godiya, ka wanke hannu, ka ɗauki kwanonka ka juye tuwon cikin nasa, kamar yadda ya yi muku a tire. In ya janye hannu, kada ka yi fushi, ka dawo Juma'a mai zuwa ka sake. Ranar da ka ga ya turo nama gabanka, ka ci, kada ka ce komai.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar ku a kwano ɗaya.

Hajiya Wasila