Kwalkwalin Mutumin Japan

Laraba, 14 ga Maris, 2007. Azare, bayan isha'i.

Yau kaina ya ɗaure. Wata uku ke nan ina nazarin kwalkwalin nan na samurai, mayaƙan Japan na da, wanda Yaya Sani ya tsinta cikin kwantenar kayan gyaran mota, ya ba ni don ya san ni da son tsofaffin kaya. Hotunan da na gani a intanet sun yi kama da shi, amma an ce jabu sun yi yawa.

Da safe na kai wa Malam Bukar maƙeri. Ya daɗe yana shafa ƙusoshin, sannan ya ce, "Malam Habu, hannu ne ya ƙera wannan, ba inji ba. Ka ga lotsawar nan? Sara ne. Da wuya in mai shi ya koma gida."

Na dawo da murnata na ba Hajiya, mahaifiyata, labari, sai fuskarta ta sauya. Ta ce, "Habu, ashe abin da aka kashe ɗan wani a ciki ka ajiye inda kake salla? Kafin Juma'a ka fitar mini da shi."

Ni wallahi ban taɓa tuna mai kwalkwalin yana da uwa ba.

Ɗazu na ɗauko shi, karon farko na sa a kaina. Ya zauna mini cif. Na yi maza na cire. Har yanzu ban san ko makarantar da nake koyarwa zan kai shi ɗalibai su gani, ko binne shi ya kamata in yi ba.