Ki Buɗe wa Tsohon Agogo

Ya ke inuwata ta tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa, uwar 'ya'yana, tsohuwata da ta fi min sababbi dubu,

Shekarun baya, ina zaune a shagona na gyaran agogo, wani direba ya ce min wai zamani ya zo da mace za ta rufe bakin mijinta da yatsa ɗaya, ba faɗa, ba kuka, ba kiran kowa sulhu. Na yi dariya har gilashin idona ya faɗa cikin tiren ƙusoshi. Na ce masa tawa matar shekara talatin tana gwadawa da yatsu goma, ba ta dace ba. Ashe bawan Allahn nan gaskiya ya faɗa! Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da kika danna yatsan nan kika toshe ni daga shafinki na intanet, kika sa aka sauke teburin zanenki ƙasa, inda kin san ƙafata ba ta kaiwa. Abinci yana hawowa, magani yana hawowa, wankakkun kaya suna hawowa. Ke ce kaɗai ba ki hawowa.

Kin san ɗakin nan kamar tafin hannunki, amma bari in faɗa miki yadda ya koma. Taku shida daga gado zuwa taga, da sanda. Ta tagar ina ganin bangon maƙwabta da rabin tankin ruwansu. A ƙasa akwai tabo huɗu inda ƙafafun teburinki suka zauna wata goma sha huɗu, tun ranar da aka dawo da ni daga asibiti da ƙarfe a ƙugu. Tabon nan huɗu nake kallo kamar mai jiran su yi magana. Wace irin rana ce wannan da take fitowa ba ta sami bayan wuyanki ta sauka a kai ba? Ina ƙarar fensirinki? Ina tsakin da kike ja in hancin mutum ya karkace?

Kin tuna a asibiti, da 'yarmu ta kawo miki babbar wayar nan don ki rage zaman jinya? Kika ce ke da wasan yara sai dai kallo. Kafin mako ya zagayo kin fi ƙarfin kallo: harshe tsakanin haƙora, tabarau a kan hanci, kina korar jarumin gem ɗin nan, wasan cikin wayar, zuwa cikin kogo, yana mutuwa yana dawowa kamar ba abin kunya ba. Amma ba jarumin ya kama ki ba. Wani tsoho ne mai sayar da fitila a ƙofar gari, wanda masu gem ɗin suka kafe a rumfarsa suka ba shi magana ɗaya tak: hanya da duhu, sayi fitila. Ko sau ɗari aka zo, ita zai faɗa. Kika juyo kika tambaye ni me tsohon nan yake yi in an kashe waya. Na ce barci. Kika ce ban san tsofaffi ba. A bayan takardar maganina kika zana shi, yana leƙa hagu da dama, yana gwada tsallake bakin rumfa, wani bango da ba a gani yana mayar da shi. Wallahi ranar na ga fuskarki ta koma ta yarinyar da na fara gani tana zana furanni a kan zanen gado!

Daga nan kika buɗe shafi, Kaka Mai Zane, hoto huɗu duk mako. Masu gem sun kashe hankalinsu kan takobi da dodanni, ke kuwa kika tsince wanda suka yar a gefen hanya kika ba shi ciwon baya, da tsohuwar soyayya, da kazar da yake yi wa hira. Ni ma na sami sana'a a kwance. Na zama Tsohon Agogo, mai sharhi. In rubuta a littafina da biro, in gyara, sannan in kwafe a waya da yatsa ɗaya. Ba wanda ya san mijinki ne. Kin tuna da na ba ki taurari uku cikin biyar saboda agogon hasumiyar da kika zana ya nuna ƙarfe huɗu amma inuwa ta tsakar rana ce? Wani mai sharhi, Mai Burodi, ya ce ni mahassadi ne, wata mai kemis ta ce a binciki ko ina da mata, don duk mai wannan hali ba a zama da shi. Kika yi dariya har kika riƙe ciki, sannan kika gyara inuwar a ɓoye. Na gani. Wata goma sha huɗu ban taka titi ba, amma duk mako ina da majalisa, ina da abokan musu, ina da inda ake jiran ta bakina. Ke kika buɗe min wannan ƙofa, hasken idona, kuma ita kika rufe.

Ban ce ban yi laifi ba. Na yi, babba. Na ga zanen shafin ƙarshe na labarin, wanda ba ki saki ba, a ƙarƙashin gidan tabaranki, na ɗaga, na duba. Da aka saki na talatin da tara, mutane suna ta kuka a sharhi cewa tsohon zai mutu a rumfa, sai zuciyata ta karye musu. Na rubuta cewa su share hawaye, a shafi na arba'in zai fita, kuma da ƙafar hagu zai fara. Har da ƙafar na faɗa, kaicona!

Amma ki saurari uzurin tsoho, ko ba za ki karɓa ba. Mu da muka tashi a gaban kakanninmu, labari ba a ɓoye ƙarshensa. Tatsuniyar da aka ba mu sau hamsin ita muke roƙo a sake, muna rige-rigen faɗin abin da zai biyo baya, tsohuwa tana jin daɗi don ta san ya zauna mana. In ƙaramin cikinmu ya tsorata, sai a raɗa masa cewa kada ya damu, yarinyar za ta kuɓuta. Jinƙai ne a wurinmu. Ina na san a wannan majalisa cin amana ne? Kafin in gama shan shayi sharhi ɗari biyu sun sauka a kaina. Mai Burodi ya ce na zuba masa yashi a ƙullu. Ke kuwa sai kika ajiye fensirinki. Kika dube ni, kika dubi gidan tabarau, kika ɗaga yatsa. Da zagi kika yi, da na sami abin riƙewa.

Surukarmu ta ce min har yau ba ki saki komai ba, kuma ta ga kin ɗauki sabuwar takarda. Wai tunda an san zai fita, to ba zai fita ba. Wannan ne ya hana ni sukuni. Ni ki hukunta ni yadda kika so, ki ƙara min wata guda, ki bar ni da tankin ruwa. Amma me tsohon nan ya yi miki? Kusan shekara guda yana buga goshi a bangon da ba a gani, kin sa ya ɗaga ƙafa, sai ki mayar da ita don bakin wani ya yi tsawo? Kada ki bar shi a rumfa saboda ni, sanyin zuciyata. Kin san wurin wanda kika aro masa hancin nan da wannan sanƙon. Duk gidan nan an sani, kunya ce ta hana a faɗa.

Yanzu ga abin da ban gaya miki ba. Ba daga gado nake wannan rubutu ba. Ɗanmu ya tafi aiki, surukarmu ta fita cefane, sai na ɗauki sanda na buɗe ƙofa. Matakala goma sha bakwai ce tsakanina da ke, na sha ƙirga su da kunne. Na sauko tara. A ta tara ƙugu ya ce nan ya tsaya, na zauna. Sama ta yi nisa, ƙasa ta yi nisa, gumi ya jiƙa min riga, littafina na kan gwiwa. Daga nan ina hango gefen teburinki da diddigenki ɗaya yana kaɗawa. Na kira sau uku, abin sauraron nan yana kunnenki. Zan naɗe takardar nan in cusa a takalmina in jefo, in Allah ya sa ban sami kofin shayinki ba.

Ki zo, ya ke bishiyar da na jingina da ita shekara arba'in da biyu. In kin ga dama ki mayar da ni sama, in kin ga dama ki kama hannuna mu ƙarasa takwas ɗin. Na yi alkawari ba zan sake ɗaga gidan tabarau ba, ba zan sake faɗin ƙarshen komai ba, ko na labaran rediyo. Taurari kuwa ba zan yi miki ƙarya ba, in inuwa ta karkace zan faɗa. Amma zuciyar nan taki ce, toshe ko buɗe, har ranar da za ta daina bugawa.

Naki, a matakala ta tara,
Tsohon Agogo

Af, kada ki ce gangancin kaina ne. An daɗe ana gaya min ƙafar nan za ta ɗauke ni. Likita ya faɗa, na ce aikinsa ke nan. Mai motsa min gaɓoɓi ya faɗa, 'yarmu ta faɗa har da hawaye, duk ban saurare su ba. Wanda ya gaya min na ƙarshe shi ne mai fitila, a shafi na arba'in, da hannunki.