Tafkin Roba na Eilif

Lyngvika, farkon Yuni

Maigidana Eilif,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar hagun? Ina fata ka daina yi wa ma'aikatan gidan jinya gardama a kan miyarsu. Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini girma tun da ciwon shanyewar nan ya ɗauke ka.

Albishirinka, tafkin ya iso. Ka tuna likita ta ce za ta bar ka ka yi bazarar nan a gida in akwai ruwan da za ka riƙa motsa ƙafar a ciki kullum, in babu kuwa sai kaka. To 'yarka Randi ta taso takanas daga Tromsø ta kafa shi a bayan gida kusa da bishiyar tuffa, ta koma. Wani ƙaton baho ne da ke zaune a kan ciyawa, ya kai mini ƙirji. Bangonsa roba, ƙafafunsa roba. Tsani ne kawai na ƙarfe, sai injin tace ruwa da hita mai ɗumama shi. Da za ta tafi ta ce, "Mama, roba ce zalla, ki jona filogi ki yi kwanciyarki."

Na so in ɓoye maka abin da ya biyo baya, amma ban iya ba. Jiya da hantsi na fita ba takalmi, ciyawa jiƙe da raɓa, na kama tsanin zan leƙa ruwan. Sai wani abu ya tsikare ni zir, daga yatsu har gwiwar hannu, kamar cizon cinnaka. Na zare filogin injin da na hita, na sake taɓawa. Yana nan daram. Ni dai bai yi mini komai ba, amma da na tuna ɗan batirin zuciyar da aka dasa maka a ƙirji sai na zauna a kan matakala na daɗe ban tashi ba.

Na kira Sunniva mai gyaran wuta, ta ce kada kowa ya kusanci ruwan sai ta zo. Na san abin da za ka ce, wai ina damun mutane. To na dama. Ka ci abinci, ka yi abin da suka ce maka.

Taka har kullum,
Torunn

Lyngvika, tsakiyar Yuni

Baban Randi,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, na karanta, na kuma ji haushi. Wai a zubar da ruwan a naɗe tafkin, ka gwammace ka zauna can har kaka da a ce an wahalar da maƙwabta saboda kai. Kai da ba a taɓa kiran gayya a garin nan ba ka fito da guduma ba! Rufin ɗakin taro wa ya hau? Ni ba zan naɗe komai ba. Zauna ka ji.

Sunniva ta zo da na'urar awonta. Na ce mata ai roba ce, ta ina wuta za ta bi? Ta yi dariya ta ce, "Inna Torunn, robar ba ruwanta. Amma ruwan cikinta fa? Da tsanin? Da ƙasar da kike takawa?" Yadda na fahimta, wuta tana cutar mutum ne in hannunsa na kan abu ɗaya, ƙafarsa na kan wani, kuma ƙarfin wutar da ke jikinsu bai zo ɗaya ba. Sai ta mai da shi gada ta bi ta cikinsa.

Ta kashe wutar gidanmu gaba ɗaya, na'urar ba ta sauka ba. Ta ce to ba daga nan ba ne, wani gida ne a layinmu yake yoyon wuta cikin ƙasa, irin tsohon haɗin da aka yi mana ke nan, laifin gida ɗaya yakan leƙa gidan kowa. Sai ta bar ni tsaye ina kallon na'urar, ta bi layin gida-gida tana roƙo a kashe babban makunni, ni kuma ina gaya mata a waya ko ta sauka.

A nan ne abin kunya ya fito, Eilif. Duk gidan da ta ƙwanƙwasa, sai mai gidan ya sosa ƙeya ya ce ai shi ma famfon wankansa yana ɗan jan sa tun ƙarshen hunturu. Wata ta ce da tsumma take kama famfon kicin. Wani safar hannu yake sawa. Layi guda cur muna shan shokin, muna haɗuwa a kanti muna hirar ruwan sama, ba wanda ya buɗe baki, don kada ya dami wani! Sunniva ta ce da ba ta girma a nan ba da ta ce ƙarya ne.

Da ta kai kan abokin kamun kifinka Arnfinn, ya kashe wutar rumfar jirginsa, sai na'urar ta faɗi ƙasa warwas. Tsohuwar firizarsa ce, wadda yake tara kifi, gishirin teku ya cinye mata waya. Mutumin nan ya zo har ƙofa riƙe da hularsa, fuska ba jini, ya ce, "Torunn, da na kashe Eilif da kifin bara." Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na zuba masa kofi.

Na ɗauka an gama, Sunniva ta ce ina! Yau firizar Arnfinn ce, gobe injin wankin wani ne, kuma ga yadda muke da zurfin ciki. Dole a ɗaure komai da waya ɗaya ta jan ƙarfe: tsani, injin tacewa, hita, da wani guntun bututun ƙarfe da za ta sa a hanyar ruwan don ruwan ma ya shiga haɗin. Sannan a binne waya tsirara a ƙasa ta zagaye tafkin, don inda za ka taka in ka fito ya zo daidai da abin da ka riƙe. Za ta kuma sa makunni mai yanke wuta da kansa. Haɗin nata ne ita kaɗai, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Amma haƙa ramin, ka san ƙasarmu, ka sare ciyawa ka iske dutse. Ga shi ta ce in ba a yi ranar Asabar ba, ba ta da sarari sai bayan hutun Yuli, lokacin kuwa rabin bazara ya wuce.

Ban roƙi kowa ba, don ka sani. Arnfinn ne ya aje kofinsa ya fita, kafin yamma ya kira gayya. Ka haɗa kayanka, kada ka manta da wandon iyo.

Matarka mai taurin kai,
Torunn

Lyngvika, ƙarshen Yuni

'Yata Randi,

Ina gaishe ki, ya aiki, ya mutanen gidan? Ki daina ba ni haƙuri a waya. Ba ke kika sa wuta a ƙasa ba, kuma da ba ki kawo bahon nan ba da har yau layinmu na kama famfo da tsumma. Na gode, 'yata, na gode ƙwarai.

Ga labarin da kika matsa in ba ki. Ranar gayya ana yayyafi suka zo, maza da mata, da diga da shebur da ƙarfen ɓanɓare dutse. Ni aikina soya waina da yanka cuku. Arnfinn ya fi kowa haƙa, ana ta yi masa tsiya, wai ya haƙa da kyau ko a yafe masa. Ya ce su yi ta yi, shi dai ba da safar hannu yake wanka ba. Sunniva ta bi bayansu tana shimfiɗa waya tana ɗaurewa, ta auna nan, ta auna can, har na fara gajiya da kallonta. Daga ƙarshe ta cire takalmanta, ta tsaya a jiƙaƙƙiyar ciyawa, hannu ɗaya a tsani ɗaya a ruwa, ta ce, "Inna, ki je ki ɗauko mijinki." Na rungume ta, yarinyar nan duk kunya ta kama ta.

Likita ta sallami babanki. A mota, muna hango teku sai ya ce ina tuƙi a tsakiyar titi.

Washegari da rana ta fito aka yi gwajin farko. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba, sai Arnfinn da wasu biyu suka zo, wasu kuma suka biyo su wai sun zo ɗaukar shebur ɗinsu. Babanki ya tsuke fuska. Kin san shi, ya tsani a gan shi a hannun mutane. Na shiga ruwan na tare shi, suka sauko da shi a hankali, jikinsa ya rame har ina jin ƙasusuwan bayansa a tafina. Suna sakinsa sai duk suka juya mana baya a tare, suka jeru a bakin shinge suna kallon teku, suna gardama a kan ko za a yi iska. Ba wanda ya ce su yi.

Ya riƙe tsani da hannun dama, ni ina riƙe da ƙugunsa. Ya ce ruwan da sanyi. Ya ce wa ya kafa abu a karkace haka. Can sai ya ce in cika shi. Na cika. Ya saki tsanin. Randi, babanki ya tsaya da ƙafafunsa biyu ba sanda ba kowa, ya ja ta hagun ya aje ta gaba, ya kuma ja ta dama. Ya dubi bayan mutanen nan, ya ɗaga murya irin wadda rabona da ji tun kafin ciwon:

"Kai Arnfinn! Me kuke kallo a tekun, yau kuka fara ganinsa? Ku juyo mana, a tsaye nake!"

Suka juyo. Ni dai daga nan ban ƙara ganin komai sosai ba, na ce musu ruwa ne ya shiga mini ido.

Yana nan yana barcin rana a kujerarsa, ya ce in gaishe ki, wai ki zo ki gani da idonki kafin ya fara tsere. Ki gaishe mini da kowa.

Mahaifiyarki mai godiya,
Torunn